Nata ɗan ya dawo, nawa bai dawo ba: bangaskiyata ce ta gaza?

Tambaya: Fasto, salama. Ni uwa ce, na haura shekara hamsin, a cikin ikkilisiya na tashi, ina kuma cikin zumuntar mata. Bara masu garkuwa da mutane suka tare mota a hanya suka kwashe fasinjoji, ciki har da ɗana na fari da ɗan wata 'yar'uwa da muke sujada tare. Mun yi azumi, mun kwana addu'a, mun sayar da gona mun ci bashi mun kai kuɗin fansa. Nata ɗan ya dawo. Nawa an kashe shi, ko gawarsa ba mu samu ba. Ranar da suka yi godiya a majami'a aka ce Allah ba ya kunyatar da mai dogara gare shi. Daga baya wani ya ce in bincika gidana, wataƙila akwai ɓoyayyen zunubi ko la'ana. Tun daga nan na kasa addu'a, in na durƙusa fushi ne ke taso mini. Bangaskiyata ce ta gaza? Fushi da Allah zunubi ne? Ta yaya zan sake dogara gare shi?

Amsa: Mama, sannu. Sannu da wannan babban rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke da dukan gidanki.

Tambayarki ta farko amsarta gajeriya ce, don haka zan ba ki ita kafin komai: a'a. Mugayen mutane masu bindiga ne suka kashe ɗanki, alhakin jininsa yana wuyansu, kuma za su tsaya gaban Allah a kansa. Kada ki yarda kowa ya sauke wannan kaya daga kansu ya ɗora miki. Sauran maganar tana da ɗan tsawo. Ki bi ta a hankali, in kin gaji ki ajiye sai gobe.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12, domin labarinku ne ke da 'yar'uwar nan. Sarki Hiridus Agaribas, jikan wancan Hiridus da ya sa aka karkashe jarirai a Baitalami, ya sa wa ikkilisiyar Urushalima karan tsana. Ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna, ya sa aka kashe shi da takobi. Cikin aya ɗaya tak Luka, marubucin littafin, ya gama da wannan labari. Da Hiridus ya ga abin ya karɓu, sai ya kama Bitrus kuma, ya sa sojoji 16 suna karɓa-karɓar tsaronsa huɗu-huɗu, aka ɗaure shi da sarƙa biyu. A daren da za a wayi gari a fito da shi, mala'ika ya tashe shi daga barci, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, ya fice.

To, wane ne Yakubu? Yana cikin ukun nan da Yesu ya fi ja a jiki. Shi da Bitrus da Yohanna ne suka shiga ɗakin da aka ta da 'yar Yayirus, su ne a kan dutse ranar da kamannin Ubangiji suka sāke, su ne kuma a Getsamani. In ma tarihin aminci za a duba, ai Bitrus ne ya yi musun Ubangijinsa har sau uku. Ikkilisiya ɗaya ce, sarki ɗaya, lokaci ɗaya. Luka bai ce an yi sakacin addu'a a kan Yakubu ba, bai ce an tono wani laifi a gidan mahaifinsa Zabadi ba. Ya rubuta cewa an kashe wannan, an kuɓutar da wancan, ya wuce bai kawo dalili ba.

Ki kuma lura da masu addu'ar. Sun taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna roƙo a kan Bitrus, sai ga shi a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, ta ruga ciki ta faɗa musu. Me suka ce mata? Kin haukace. Abin da suke roƙo yana tsaye a waje, su kuwa suna ciki suna gardamar ba zai yiwu ba. Da a ce girman bangaskiyar masu addu'a ne ke buɗe kurkuku, da tasu ba ta buɗe ba. Ina yawan tuna uwar Yakubu, matar Zabadi, wadda ta taɓa roƙa wa 'ya'yanta kujeru a dama da hagun Yesu, wadda kuma tana cikin matan da suka ga gicciye daga nesa. In tana da rai a wannan lokaci, to ta ji labarin fitowar Bitrus kamar yadda kika ji godiyar 'yar'uwarki. Shi kansa Bitrus ɗin jinkiri aka yi masa. Yesu ya riga ya nuna masa irin mutuwar da zai yi a Yohanna 21, tarihin ikkilisiya kuma ya ce an kashe shi a Roma zamanin Nero, kimanin shekara ashirin bayan wannan dare.

Haka Ibraniyawa sura 11 take, surar da muke kira ta jarumawan bangaskiya, sai dai yawancin wa'azi yana tsayawa a tsakiyarta. Aya ta 34 ta ce waɗansu sun tsere wa kaifin takobi. Aya ta 37 ta ce waɗansu da takobin aka kashe su, an jejjefe waɗansu, an tsaga waɗansu da zarto. Sai aya ta 39 ta haɗa su duka ta ce an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu.

Ba sai mun je Urushalima ba ma. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashenmu, aikin da daga baya ya haifi ƙungiyar mishan ta SIM da ikkilisiyar ECWA. Kafin 1894 ta ƙare Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida, Rowland Bingham kuwa ya rayu har 1942. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Guda 57 suka kuɓuta tun a farkon lamarin, aka sako 21 a Oktoba 2016, aka sako 82 a Mayu 2017, waɗansu kuma iyayensu sun mutu ba su sake ganinsu ba. Iyayen nan benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Wa zai iya tsayawa a gabansu ya ware masu bangaskiya gefe ɗaya, marasa ita gefe ɗaya? A Dapchi an kwashe 110 ran 19 ga Fabrairu 2018, aka mai da mafi yawansu bayan wata ɗaya, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi barin bangaskiyarta. A nan lissafin mutumin da ya ce ki bincika gidanki ya kife gaba ɗaya, domin amincinta ne ya sa aka riƙe ta. Ki duba kuma maƙwabtanmu Musulmi a Zamfara da Katsina da Sakkwato, su ma suna sayar da gonaki suna binne 'ya'yansu. Annoba ce ta sauko wa ƙasa, ba gidanki aka zaɓa ba.

Yanzu ga maganar zunubi da la'ana. Zan ɗan daɗe a kanta, domin na ga yadda take cinye mutane a hankali, fiye da rashin kansa wani lokaci.

Abin da aka faɗa miki tsohuwar magana ce, tana nan cikin Littafin Ayuba, a bakin abokansa. Elifaz da Bildad da Zofar sun zo gaisuwa, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Irin zaman makokin da muka gada ke nan, kuma har nan ba su da laifi. Da suka buɗe baki ne aka shiga uku. Elifaz ya ce a sura 4, ka taɓa ganin marar laifi ya hallaka? Bildad ya fi shi rashin tausayi. A sura 8 aya 4 ya dubi mutumin da ya binne 'ya'ya goma rana ɗaya, ya ce masa in 'ya'yanka sun yi wa Allah zunubi, ai sakamakonsu suka samu. Maganganunsu suna da kamar tsoron Allah, sun ma fi na Ayuba daɗin ji. Amma a sura 42 aya 7 Allah ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba yadda bawansa Ayuba ya yi. Har sai da Ayuba ya yi musu addu'a kafin aka karɓe su. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: matar Ayuba, wadda muke ta kushewa a wa'azi saboda jimla ɗaya da ta faɗa cikin zafin rai, ita ma 'ya'ya goma ta rasa, kuma sunanta ba ya cikin waɗanda Allah ya tsawata wa a ƙarshen littafin.

Yesu ma sau biyu aka kawo masa wannan lissafi, sau biyu ya ƙi shi. A Yohanna 9 almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho, suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba su ba. A Luka 13 aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada ku ɗauka sun fi sauran mutane laifi. Na farkon kisan azzalumi ne, na biyun haɗari ne, duka biyun ya raba su da maganar hukunci.

Gaskiya ne akwai wahalar da mutum ke jawo wa kansa, kuma akwai horon Uba. Amma Allah ba ya yi wa 'ya'yansa horo a duhu. Da Dauda ya yi zunubi, annabi Natan aka aiko ya faɗa masa ƙiri-ƙiri abin da ya yi. In Ruhu Mai Tsarki ya nuna miki wani laifi, zai kira shi da sunansa, ki tuba, a gafarta, magana ta ƙare. Zargin da ba shi da suna, wanda ke sa ki kwana kina tonon shekaru talatin kina neman inda kika yi kuskure, ba daga wurinsa yake ba. In kuma wani ya biyo baya ya ce ki kawo kuɗi ko ki sayi mai domin a karya la'anar gida, ki sallame shi. Waɗancan sun karɓi gonarki, wannan ragowar yake nema.

Ina ganin tushen ciwon yana cikin koyarwar da ta yaɗu a majami'unmu shekarun nan, har a ikkilisiyoyin da iyayenmu ba su san ta ba. An mai da bangaskiya kamar adashi: ki zuba zakka da azumi da zuwa sujada, ranar da bukata ta taso ki kwashe. Wanda aka koya wa haka, in masifa ta zo, hanya biyu ce ta rage masa. Ko ya ce zubinsa ne bai cika ba, ko ya ce Allah ya cinye masa. Ke yanzu kina tsakanin biyun nan, shi ya sa kike jin laifi da fushi a lokaci guda. Yesu bai yi mana wannan alkawari ba. Abin da ya faɗa a daren da aka bashe shi shi ne, a duniya kuna da wahala, amma ku yi ƙarfin hali, na yi nasara da duniya. Kalmar da aka faɗa ranar godiyar, cewa mai dogara ga Allah ba ya kunyata, tana da tushe a Littafi, sai dai ba ta nufin kowane ɗa zai dawo gida. Godiyar 'yar'uwarki daidai ce. Laifin mai jagorar sujada ne da ya manta kina zaune a wurin, ya tuna rabin Romawa 12:15 na yin murna da masu murna, ya bar rabin yin kuka da masu kuka.

Sai fushin. An tarbiyyantar da mu cewa in an ce yaya haƙuri, sai mu ce da godiya. Wannan ladabi ne mai kyau a gaban masu gaisuwa. Matsalar ita ce mun ɗauke shi mun kai ɗakin addu'a, muna ce wa Allah da godiya alhali zuciya na tafasa, kamar ba ya gani.

Littafin Zabura shi ne littafin waƙoƙin sujadar Isra'ila, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 ta tambayi Allah har yaushe sau huɗu a jere. Zabura 44 ta ce ba mu manta da kai ba, ba mu karya alkawarinka ba, duk da haka ana yanka mu kamar tumaki, sa'an nan ta ce masa farka, don me kake barci? Zabura 88 ita ce mafi nauyi. Yawancin zaburan kuka suna juyawa zuwa yabo kafin su ƙare, ita kuwa da duhu ta rufe. Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a haka cikin Littafi, ba a gyara mata ƙarshe ba. Irmiya a sura 20 ya ce wa Allah ka ruɗe ni, ya la'anci ranar da aka haife shi, kamar yadda Ayuba ya yi a sura 3. Na'omi ta koma Baitalami ba miji ba 'ya'ya, ta ce wa matan gari Mai Iko Dukka ya ɗaci rayuwarta, ba a kuwa rubuta cewa an tsawata mata ba. Har a sama, a Ru'uya ta Yohanna 6:10, rayukan waɗanda aka kashe suna ɗaga murya suna tambaya har yaushe kafin a yi musu shari'a.

Akwai dai bambanci da ya kamata ki riƙe. Isra'ilawa a jeji sun yi gunaguni a ƙofar tantinsu, suna maganar Allah a bayan idonsa, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar. Wannan an hukunta shi. Masu zabura kuwa gabansa suke zuwa su zazzage abin da ke cikinsu. Mai ce wa Allah don me ka yashe ni, ai bai daina kiransa Allahnsa ba. Ba na ce duk abin da bakin mai baƙin ciki ya furta daidai ne ba. Ayuba ya wuce gona da iri a wasu wurare, Allah ya yi masa tambayoyi daga sura 38 zuwa 41, shi ma ya amsa cewa ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa. Amma a gaban Allah aka daidaita shi, domin can ya kai ƙararsa. Abin da nake ji miki tsoro shi ne shirun, wanda in ya daɗe yakan zama ɗacin rai. Don haka in kin durƙusa fushi ya taso, kada ki tashi. Ki faɗa masa fushin, da Hausa ko da yarenku, yadda ya zo. Wannan ma addu'a ce.

Wataƙila an riga an karanta miki ayoyi biyu da ake yawan kai wa gidan makoki. Ta farko, wai Allah ba zai ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki ba. Wannan daga 1 Korintiyawa 10:13 aka ɗauko, kuma maganar jarabar zunubi ake yi a wurin, ga mutanen da ke kusa da komawa bautar gumaka. Bulus ɗin da ya rubuta ta shi ne ya ce a 2 Korintiyawa 1:8 wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu ƙwarai, har suka fid da rai. In kin ji abin ya fi ƙarfinki, ya fi ɗin ne. Ta biyu Romawa 8:28, cewa Allah yana sarrafa kome domin alherin masu ƙaunarsa. Gaskiya ce, na dogara gare ta. Amma ba ta ce kisan ɗanki alheri ne ba. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri, bai canza wa muguntar suna ba. Kuma ya faɗi haka ne bayan shekaru masu yawa, shi da abin ya shafa, ba wani ne ya faɗa masa yana cikin rijiya ba.

To, ta yaya za ki sake dogara gare shi? Dogarar da ta karye miki ita ce ta cewa in na yi nawa, zai yi abin da na roƙa. Ba na so in taya ki gyara wannan, domin za ta sake karyewa. Akwai wata a Daniyel sura 3. Shadrak da Meshak da Abednego suna gaban tanderu suka ce wa Nebukadnezzar, Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Sun tabbata da ikonsa, ba su kuwa yanke masa abin da zai yi ba. Mun ga irin wannan a zamaninmu. Rabaran Lawan Andimi, fasto a Ekklesiyar 'Yan'uwa kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a Michika, an kama shi a farkon Janairu 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar ya nemi a yi ƙoƙarin kuɓutar da shi, ya nuna begen komawa wurin matarsa da 'ya'yansa, ya kuma ce in hakan bai samu ba, yana hannun Allah. Ran 20 ga watan aka kashe shi. Su ukun can an fito da su daga wuta, shi ba a fito da shi ba, maganar bakinsu kuwa ɗaya ce.

Me zai sa mutum ya dogara ga Allahn da zai iya cetarwa amma wani lokaci ba ya yi? Littafi Mai Tsarki bai ba mu dalilin kowace mutuwa ba. Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a gaya masa abin da ya faru tsakanin Allah da Shaiɗan a sura 1 da 2 ba. Abin da aka ba mu shi ne Yesu. Ya tsaya a kabarin Li'azaru ya yi kuka, alhali ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci. A Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba, kuma ba wanda zai ce bangaskiyar Ɗan Allah ce ta gaza. An kama shi da dare, an wulaƙanta shi, an kashe shi a hannun mugaye, uwarsa tana tsaye tana kallo. A kan gicciye, da kalmomin Zabura 22 ya yi kuka, Allahna, Allahna, don me ka yashe ni. Allahn da kike fushi da shi ya san mutuwar ɗa a hannun azzalumai, ba labari aka ba shi ba. A rana ta uku kuma ya tashe shi. Dukan nauyin begenmu a kan wannan yake, shi ya sa Bulus ya ce in Almasihu bai tashi ba, mun fi kowa zama abin tausayi. Bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na marasa bege. Rashin gawar ma kada ya sa ki ɗauka ɗanki ya ɓace wa Allah. Ru'uya ta Yohanna 20:13 ta ce har teku zai fito da matattun da ke cikinsa, balle daji. A ƙarshen Ayuba an ninka masa tumaki daga 7,000 zuwa 14,000, raƙuma daga 3,000 zuwa 6,000, amma 'ya'ya goma aka sake ba shi, ba ashirin ba. Tun zamanin dā masu fassara suka ce dalili shi ne goman farko ba su ɓata ba, suna nan a wurin Allah.

Wannan dogara ba a dare ɗaya take dawowa ba, kuma ba ta hana hawaye. Ga abin da zan ce ki yi a yanzu.

In kalmomi sun ƙi zuwa, ki ari na Zabura. Ki karanta 13, ko 42, ko 77, ko 88 da murya, ko ki sa jikanki ya karanta miki. In wannan ma ya gagara, ki zauna kawai. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Ki kuma zaɓi mata biyu ko uku a zumunta, masu riƙe sirri waɗanda ba su da saurin wa'azi, ki ce musu na kasa addu'a, ku yi mini. Shanyayyen nan na Markus 2 mutum huɗu ne suka ɗauko shi, kuma bangaskiyarsu ce aka ce Yesu ya gani. Kada ki ƙaurace wa Jibin Ubangiji saboda fushin nan, teburin na masu rauni ne. In ranar godiyar wani ta zo kika ji ba za ki iya zama ba, ki fita waje ki sha iska, ba zunubi ba ne. 'Yar'uwar nan kuma, ina kyautata zaton ita ma ta rasa yadda za ta dube ki ne. Ba dole ki neme ta yanzu ba, amma in ta zo kada ki rufe mata ƙofa. Ɗanta ma yana iya zama mutum na ƙarshe a cikinku da ya ga naki da rai, wata rana za ki so jin abin da ya sani.

Ki kula da jikinki. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa abinci ne da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Magana sai daga baya, a Horeb. In barci ya ƙaurace miki watanni, ko abinci ya ƙi shiga, ko kina jin gara ki bi ɗanki, ki gaya wa wani yau, ki kuma ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, manyan asibitoci da yawa kuma suna da sashen. Zuwa can bai rage komai daga bangaskiyarki ba, Luka da ya rubuta mana labarin Yakubu da Bitrus ma likita ne. Ikkilisiyoyi da dama a Arewa yanzu suna da ƙungiyoyin warkar da raunin zuciya, inda waɗanda irin wannan ya sama ke zama tare. Ki tambaya ko akwai a gundumarku.

Abu biyu kuma hakkinki ne a kan ikkilisiya, ba alfarma ba. Na ɗaya, a yi wa ɗanki sujadar tunawa ko da ba gawa: a kira sunansa, a karanta Kalma, a yi waƙoƙin da yake so, dangi su taru a yi kuka a fili. Mutanen kirki sun yi wa Istifanas babban makoki, Littafi bai ga aibinsu ba. Rashin jana'iza yana barin makoki a rataye, shi ya sa iyalai da yawa ke kasa ci gaba. Na biyu, maganar gona da bashi. Yesu yana kan gicciye ya damƙa uwarsa a hannun Yohanna, tun daga ranar ya ɗauke ta zuwa gidansa. Wasiƙar Yakubu kuma ta ce in ka ce wa mai bukata ya sauka lafiya ba ka ba shi abin da jikinsa ke nema ba, ba ka yi komai ba. Ki rubuta abin da ake binku, da wanda ke bin, da lokacin biya, ki kai wa fasto da dattawa, ki nemi a duba asusun taimako ko a samo miki gonar aro kafin damina. Ki gaya musu kuma abin da mutumin nan ya faɗa miki game da la'ana, domin aikinsu ne su kira shi su yi masa magana kafin ya kai wa wata uwar. In kina jin nauyin tunkarar dattawa kai tsaye, ki bi ta hannun shugabar zumuntar mata, ta raka ki.